Jazzy

jazzy: sifa ce a Turanci, ana furta ta "jazi". Kwatanci: jazzier, jazziest. Bayanau: jazzily.

Asali: daga jazz, kiɗan da baƙaƙen fatar Amurka suka ƙirƙiro a birnin New Orleans, wanda aka fara fitar da faifansa a 1917.

1. Kiɗa ko waƙa mai ɗanɗanon jaz, ko da ba jaz ba ne tsantsa: inda amon ke rangaji, mai busa ko mai fiyano yana sarrafa sautin nan take yadda ransa ya ba shi. Misali: a jazzy tune, wato kiɗa mai salon jaz.

2. A maganar yau da kullum: abu mai ɗaukar ido, mai launi mai haske, na zamani. Ana faɗar haka ga tufafi, mota ko adon ɗaki. Misali: a jazzy shirt, wato rigar da ake hango launukanta tun daga nesa.

Amfani: galibi yabo ne, amma a bakin mai son natsuwa yana iya nufin ado ya yi yawa. Ma'ana ta biyu ta hira ce, don haka a guje mata a wasiƙar ofis.