Jam'iyyar da Ke Kayar da Shugabanninta

Duk mai ganin rikicin shugabanci a jam'iyyar Conservative ta Birtaniya sabon abu ne bai waiwayi tarihi ba. A Oktoban 1922 'yan majalisarta suka taru a Carlton Club suka yi watsi da ƙawance da Firayim Minista Lloyd George, dole shugaban jam'iyyar, Austen Chamberlain, ya sauka. A zaɓen shugabancin jam'iyyar na 1990 Margaret Thatcher ta samu ƙuri'a 204, abokin takararta Heseltine 152, amma bayan kwana biyu ta janye. Wani zai ce ai mulkin Liz Truss na kwana 49 daban yake. Haka ne, domin membobin jam'iyya suka ɗora ta, alhali 'yan majalisa sun fi son abokin takararta Sunak. Sai dai wuƙa da nama na hannun 'yan majalisar, kuma su suka tilasta mata murabus.