Ɗalibi da bakin mutanen da

Malaman tarihin da suka riga mu shiga aji ba su san wannan aiki ba. A zamaninsu darasi jerin sarakuna ne da shekarun sarauta: malam ya rubuta a allo, yara su kwafe, su haddace, su mayar ranar jarrabawa. A ce yaro ya ɗauki biro ya rubuta "ni ne wane" da bakin mutumin da ya rasu shekara ɗari baya, wannan daga baya ya shigo, kuma ta Ingila ya biyo.

A 1972 aka kafa wani shiri a Jami'ar Leeds, Schools Council History Project, wanda ya ce a daina miƙa wa yara tarihi kamar tuwon da aka gama tuƙawa. A ajiye musu shaida a gaba, su nemi gane yadda mutanen wancan zamani suka ɗauki duniyarsu. Ra'ayin ya yi daidai da na R. G. Collingwood, mai cewa aikin masanin tarihi shi ne sake bin tunanin wanda yake nazari. Da abin ya shiga jarrabawar GCSE, wadda aka fara a 1988, sai rigima ta tashi. Masu suka suka ce an mai da tarihi ƙagaggen labari, ana ba yaro maki don ya iya tausayi kawai. Ni dai ina ganin sun faɗi rabin gaskiya.

A wajenmu salon ba baƙo ba ne. Gandoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, waɗanda gasar rubutu ta 1933 a Zariya ta haifar, duk da bakin mai labarin aka ba da su, ɗaya kan zuwan Turawa, ɗaya kan bauta. Sai dai a darasin Hausa ake karanta su, ba na tarihi ba. Sannan manhajar 2007 ta cire tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare, aka yi fiye da shekara goma kafin a dawo da shi. Da yawanmu da wannan dabara muka sake jawo yaran da ba su taɓa jin yaƙin Burmi ba.

Mun koyi iyakarta da wuri. Ba a sa magana a bakin Annabawa ko Sahabbai, babu malamin da zai gwada. Ko Shehu Usmanu da Nana Asma'u, gara a bar su da abin da suka rubuta da kansu. Sarauniya Amina kuwa, wadda yara suka fi rububi, ita ta fi ba da wahala: shaidar kaɗan ce, sai a kawo maka fim a takarda.

Inda aikin ke yin kyau shi ne Sakkwato a watan Maris na 1903, lokacin da Turawa suka ci garin da yaƙi. Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira, ya nufi gabas har aka kashe shi a Burmi a watan Yuli. Waziri Buhari ya zauna, ya sasanta da Nasara, daga baya ya rubuta risala yana bayyana wa malamai hujjarsa. Nakan raba aji biyu, kowane ɗalibi ya zama talaka mai iyali a garin, ya rubuta dalilin bin Sarki ko na zama. Sharaɗi ɗaya ne: kada ka san abin da zai faru gobe. Nan ake gumi, don yaro ya riga ya san wanda ya ci yaƙin, hannunsa kuma yana ta jan sa ya saka wannan sani a bakin mutumin.

Yanzu mun fi karkata ga muryoyin da aka riga aka adana. Akwai Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da ya bi wani Bature mai suna Barth zuwa Turai a 1855, wanda wani Baturen, Schön, ya rubuta labarinsa da Hausa. Akwai Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta buga tarihin rayuwarta a 1954. Ɗalibi ya fara karanta su, sannan ya rubuta da bakin kishiyar Baba ko maƙwabcinta, a gefen kowane sakin layi kuma ya nuna inda ya samo abin da ya faɗa.