Asalin Diyyar Ma'aikata da Hanyoyin Inshorarta

A cikin shekarar 1835 wani mahauci a ƙasar Ingila, mai suna Thomas Fowler, ya aiki yaronsa Charles Priestley ya raka keken doki wanda aka shaƙe da naman tumaki. Kayan kuwa ya fi ƙarfin keken. Suna cikin tafiya sai sandar da ke riƙe da ƙafafunsa ta karye, keke ya kife, yaron ya karye a cinya. Aka kai ƙara, kotun farko ta ce a biya shi fam 100. Amma da aka ɗaukaka ƙara, a 1837 babbar kotu ta soke hukuncin, yaro ya tashi a tutar babu.

Daga wannan shari'a da waɗansu da suka biyo bayanta, masu masana'antu suka sami katanga uku da su ke fakewa a bayansu. Ta fari, in abokin aiki ne ya jawo hatsarin, babu ruwan ubangida. Ta biyu, in wanda ya ji rauni ya yi sakaci ko yaya ya ke, haƙƙinsa ya faɗi. Ta uku, wanda ya karɓi aiki yana sane da hatsarinsa, an ɗauka ya yarda da abin da zai same shi. Lokacin nan kuwa ramukan kwal da hanyoyin jirgin ƙasa da injuna sai ƙaruwa su ke yi. Mutum ya rasa hannu ko ido, kuɗin lauya ba shi da shi, abokan aikinsa kuma na tsoron ba da shaida kada a kore su. Ƙarshenta shi da iyalinsa su koma cin sadaka.

Ƙasar Jamus ce ta fara sāke wannan al'amari. Shugaban gwamnatinta, Bismak, ya ga talakawan birane na karkata ga jam'iyyar 'yan gurguzu, ya so ya jawo su ga gwamnati. Saboda haka a 1884 aka kafa dokar inshorar hatsari. Dokar ta bar tambayar wa ya yi laifi, ta koma ga tambayar wa zai biya. Aka tilasta wa masu sana'a iri ɗaya su haɗu su zama ƙungiya, kowa ya riƙa zuba kuɗi gwargwadon albashin da ya ke biya da hatsarin aikinsa. Ma'aikaci ba ya zuba ko anini a cikin wannan asusu. Mako 13 na farko asusun jinya ke lura da shi, daga nan ƙungiya ta ɗauka. Wanda ya nakasa sarai a kan ba shi kashi biyu cikin uku na albashinsa, in ya mutu kuma matarsa da 'ya'yansa su sami rabo. Hujjar ita ce, kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski.

Ingila ta bi sawu a 1897, amma ta wata hanya dabam. Dokarta, wadda Joseph Chamberlain ya tsaya mata, ta shafi ma'aikatan jirgin ƙasa da masana'antu da haƙar ma'adinai da manyan gine-gine. Wanda ya ji rauni a ba shi rabin albashinsa na mako, kada ya wuce fam ɗaya. In ya mutu a ba magadansa albashin shekara uku, kada ya gaza fam 150, kada kuma ya wuce fam 300. Sai dai ba a kafa asusu ba, ba a kuma tilasta wa kowa yin inshora ba. Ubangida shi ke biya daga aljihunsa, in ya ga dama ya sayi inshora wurin kamfani. Nan ne raunin dokar ya ke, gama in ƙaramin mai sana'a ya karye bai yi inshora ba, diyyar ta kan zama takarda kawai. Sai a 1948 gwamnatin Ingila ta karɓi nauyin ta sa shi cikin inshorar ƙasa.

A Amurka kuwa, kowace jiha ita ke yin dokarta, shi ya sa abin ya daɗe. Wata lauya mai suna Crystal Eastman ta ƙidaya mutanen da hatsarin aiki ya kashe a gundumar da birnin Pittsburgh ya ke, ta sami mutum 526 cikin shekara guda, daga Yuli 1906 zuwa Yuni 1907. Jihar Niyok ta kafa dokar diyya a 1910, amma ran 24 ga Maris 1911 babbar kotun jihar ta soke ta, ta ce ƙwace dukiyar ubangida ne ba da laifinsa ba. Kashegari gobara ta tashi a masana'antar ɗinkin riguna ta Triangle cikin birnin Niyok, ƙofar fita na kulle, mutum 146 suka hallaka, yawancinsu 'yan mata. Iyalan da suka kai ƙara sai da suka yi shekara uku suna jira, sa'an nan aka sasanta a kan dala 75 kowane rai.

A cikin shekarar nan ta 1911 jihar Wiskonsin ta kafa dokar da ta tsaya da ƙafarta, waɗansu jihohi suka yi koyi. Kotun Ƙoli ta Amurka ta tabbatar da irin waɗannan dokoki a 1917, jihar Misisifi kuma ita ce ta ƙarshe, a 1948. Ciniki ne aka ƙulla, kowane gefe ya bar wani abu. Ma'aikaci ya bar ikon kai ubangidansa ƙara a kan sakaci, ya karɓi diyya ƙayyadadda da kuɗin magani ba tare da jayayya a kan laifi ba. Ubangida kuma ya yarda ya biya ko ba laifinsa, ya huta da tsoron hukunci mai nauyi wanda zai rushe shi dare ɗaya.

To, alkawari kaya ne, sai da wurin da kuɗin zai fito. Nan ne hanyoyi uku suka bayyana, su ne kuma mai sana'a a Amurka ke zaɓa a cikinsu har yanzu. Ta fari ita ce sayen inshora wurin kamfani. Waɗansu kamfanonin na 'yan kasuwa ne masu neman riba, waɗansu kuwa na taimakon juna ne, watau masu sayen inshorar su ne masu kamfanin, kamar wanda masu masana'antu suka kafa a garin Wausau na Wiskonsin a 1911. Ta biyu ita ce asusun jiha. A waɗansu jihohi asusun na gasa da kamfanoni, amma a Ohayo da Washinton da Dakota ta Arewa da Wayomin ba a yarda kamfani ya sayar da wannan inshora ba. Ta uku ita ce ubangida ya ɗauki nauyin da kansa. Wannan sai mai ƙarfi, gama dole ya nuna wa hukuma dukiyarsa, ya kuma ajiye jingina wadda za a biya ma'aikata daga cikinta in ya karye. Ƙananan masu sana'a a jihohi da yawa su kan haɗa kai su yi haka tare, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda kamfanoni suka ƙi saboda hatsarin aikinsa, an tanada masa wurin da ba za a kore shi ba, sai dai da tsada. Jihar Tekzas ta bar wa mai sana'a ikon ƙin yin inshora, amma in ya ƙi, aka kai shi ƙara, ba shi da ikon fakewa a bayan katangun nan uku.

Kuɗin inshora a kan lissafa shi ne a kan kowace dala 100 ta albashi, bisa ga irin aikin. Abin da a ke biya wa mai rufin ɗaki ya fi na akawu nesa. Wanda hatsari ya yi yawa a wurinsa a ƙara masa, wanda ya kiyaye a rage masa. Ta haka mai sana'a ya gane shingen da ya sa wa inji da hular ƙarfen da ya saya wa lebura riba ce a gare shi.

Nijeriya ta gāji hanyar Ingila da dokar 1941, wadda ta ɗora biyan a wuyan ubangida, aka kuma sabunta ta a 1987. A 2010 aka bar wannan hanya aka koma ta asusu: masu ɗaukar ma'aikata su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da su ke biya kowane wata ga hukumar NSITF, ita kuma ta biya diyya. Kowace hanya aka bi, ma'auninta guda ne: ranar da ma'aikaci ya faɗi, a tarar da kuɗin a ajiye, ko ubangidansa na tsaye ko ya karye.