Cututtukan Ƙafa a Kaji Masu Gashin Ƙafa: Sabubbansu da Hanyoyin Magance Su

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi lalurori uku da suka fi addabar kaji masu gashin ƙafa, ta kuma kafa hujja cewa galibin illarsu daga jinkirin ganewa take, domin gashin da ake sayen kazar dominsa shi ne yake suturta cutar har ta yi ƙarfi.

Gabatarwa

Kajin Kocin da Silki asalinsu ƙasar Sin ne, Brahma kuwa a Amurka aka kyautata irinta daga kajin da aka kawo daga Sin, kuma sunanta ya ɗaukaka tun shekarar 1852, lokacin da wani mai suna George Burnham ya aika wa Sarauniya Biktoriya kyautar guda tara. A yau ga ta a gidajen masu kiwon sha'awa a Arewacin Nijeriya, inda ake tsugunar da ita a akurkin da aka saba yi wa kajin gida, alhali zakaranta yakan kai kilo 5, kuma gashin da ya lulluɓe sangalinsa da yatsunsa yana riƙe laka da kashi duk tsawon damina.

Ƙazwar Ƙafa

Sababin wannan cuta wani ƙwaro ne ɗan mitsitsi, Knemidocoptes mutans, ɗan'uwan wanda yake sa wa mutum ƙazwa, wanda yake haƙa a ƙarƙashin ɓawon ƙafa, ya ci, ya hayayyafa a nan, har ɓawon ya ɗaɗɗaga, fatar ta yi kauri da farin ɓamɓaroki, idan kuma aka yi sakaci yatsa ya shanye ya guntule. Maganinsa shi ne a jiƙa ƙafar cikin ruwan ɗumi da sabulu, a busar da ita sarai, sannan a shafe ta da basilin har cikin gindin gashi, domin maiƙon ya toshe wa ƙwaron numfashi. Da yake tsakanin ƙwai da balagarsa kwana 10 zuwa 14 ne, wajibi ne a dinga maimaitawa makonni da dama, a kuma tsabtace sandar kwana. Baƙin mai da kananzir, waɗanda wasu suke shafawa, ƙona fata suke yi. Amma ibamektin, ba a ba da shi sai da izinin likitan dabbobi, wanda zai ƙayyade muddar da za a ƙaurace wa cin ƙwai da naman.

Ƙurjin Tafin Ƙafa

Kaza mai nauyi idan tana dirowa daga bisa kan daɓe mai tauri, ko tana wuni a kan danshi, tafinta yakan tsage, ƙwayar Staphylococcus aureus ta sami ƙofa, sai a ga ɗingishi da kumburi mai baƙin tabo a tsakiya. Abin lura a nan shi ne mugunyar tsuntsu daskarewa take yi kamar cuku, saboda haka matsa ƙurjin ba ya fitar da ita. Idan yana sabo, wankewa da aidin da ɗaure bandeji sukan wadatar. Idan ya yi zurfi kuwa, sai likita ya tsaga ya cire ƙullin.

Karyewar Sabon Gashi

Gashin da yake tsirowa yana da jijiyar jini a cikin karansa, kuma idan ya karye yakan yi ta zuba, jinin ya jawo 'yan'uwan kazar su yi ta saran wurin. Hukuncinsa a danne da auduga, idan bai tsaya ba a tuge karan daga gindi, a keɓe kazar har ta warke.

Kammalawa

Bilhasali, rigakafin duka ukun guda ne: a shimfiɗa buntun shinkafa ko garin katako busasshe, a sauko da sandar kwana kusa da ƙasa, kuma kowane mako mai kiwo ya ɗauki kazar a hannu, ya buɗe gashin da yatsa, ya duba fata da tafi. Ɗingishin da babu miki ko kumburi tare da shi kuwa, ana zargin cutar Marek ko ƙarancin ribofilabin, kuma tahakikinsa sai a asibitin dabbobi.