Kwamfutoci 500,000 da Layin da Aka Yanke: Koyarwa ta Intanet a Jami'o'in Kamaru, 2016–2020

Duk mai son fahimtar yadda koyarwa ta intanet ta shiga jami'o'in Kamaru, sai ya fara da matsalar cunkoso. An kafa jami'ar farko a Yawunde a 1962, kuma ita kaɗai ta ɗauki nauyin ƙasar har shekara talatin. Da ɗakunan karatu suka kasa ɗaukar ɗalibai, aka yi gyaran 1993 wanda ya samar da jami'o'i shida: biyu a Yawunde, sai Duwala, Dschang, Buea da Ngaundere. Marwa ta biyo baya a 2008, Bamenda a 2010. Duk da haka yawan ɗalibai ya ci gaba da rinjayar kujeru da malamai, har hukuma ta fara kallon kwamfuta a matsayin ajin da ba ya cika.

A watan Yulin 2016 ministan ilimi mai zurfi, Jacques Fame Ndongo, ya sanar da cewa Shugaba Paul Biya zai ba ɗalibai kyautar kwamfutocin hannu 500,000. An kira ta kyauta, amma bashi ne: biliyan 75 na sefa daga bankin Exim na ƙasar Sin, wanda aka ce zai haɗa da gina cibiyoyin fasahar zamani a jami'o'in gwamnati. Kashin farko bai iso ba sai Disambar 2017, saura wata goma a yi zaɓen shugaban ƙasa, kuma kowace na'ura na ɗauke da tambarin PB HEV, wanda harufansa biyu na farko sunan shugaban ne. Ɗalibai ba su jima ba suka gano cewa rumbun ajiyarta gigabait 32 ne kacal, suka mayar da zancen abin barkwanci a Facebook.

Sai dai abin da ya fi muhimmanci ya faru ne tsakanin sanarwar da isowar kayan. A Nuwambar 2016 malamai a yankunan Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma, masu amfani da Ingilishi, suka shiga yajin aiki kan mamayar Faransanci a makarantunsu. A ƙarshen watan jami'an tsaro suka tarwatsa zanga-zangar ɗalibai a Jami'ar Buea, kuma ɗaliban ne da kansu suka ɗauki hotuna suka rubuta abin da suka gani, duniya ta sani. A cikin watan ne kakakin majalisar dokoki, Cavayé Yéguié Djibril, ya kwatanta kafafen sada zumunta da wani sabon salon ta'addanci. Da Janairu ta kama, hukuma ta riƙa tura saƙonni a wayoyin jama'a tana gargaɗin ɗaurin wata shida zuwa shekara biyu ga mai yaɗa labarin da ba zai iya tabbatarwa ba. Ranar 17 ga Janairun 2017 aka katse intanet gaba ɗaya a yankunan biyu, ba a maido ba sai 20 ga Afrilu, kwana 93 ke nan. Mai neman aika takarda daga Buea sai ya hau mota ya nufi wajen Duwala.

A ganina wannan shi ne mabuɗin tarihin. Gwamnatin da ta ci bashi domin ɗalibi ya yi karatu ta intanet, ita ce ta koya masa cewa rubutu a intanet na iya kai shi kurkuku. Malamin da zai buƙaci ɗalibansa su riƙa wallafa ra'ayinsu a fili suna muhawara, wanda shi ne ruhin wannan salon koyarwa, dole ya fara tunanin abin da zai jawo musu.

Jarrabawar gaskiya ta zo da annobar korona. Ranar 17 ga Maris 2020 Firaminista Joseph Dion Ngute ya sanar da rufe makarantu daga washegari, aka umarci jami'o'i su ci gaba ta intanet, har zuwa 1 ga Yuni da aka sake buɗewa. Abin da ya ɗauki nauyin karatu a waɗannan makonni shi ne WhatsApp. Malami ya tura takardar darasi ko saƙon murya, wakilin aji ya rarraba, wanda ke da data ya sauke ya tura wa wanda ba shi da ita. Darasi ya isa, amma tambaya da amsa sun yi ƙaranci, kuma ɗalibin kimiyya ba shi da ɗakin gwaji a cikin wayarsa.

Arewacin ƙasar, inda Hausawa da Fulani suke da yawa, ya fi jin jiki, kuma dalilin yana cikin taswira. Wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suna sauka ne a Duwala, Limbe da Kribi, can gaɓar kudu, sannan a ja su ɗaruruwan kilomitoci zuwa Ngaundere da Marwa. Wutar lantarkin jihohin arewa uku kuwa tana kan layi ne na daban wanda ba a haɗa da na kudu ba, kuma ginshiƙinsa madatsar Lagdo ce da ke kan Kogin Binuwai, mai ƙarfin megawat 72, wadda aka kammala a 1982. Mutanen Adamawa ta Najeriya sun san Lagdo da ambaliya idan an saki ruwa. Ɗalibin Marwa ya san ta da duhu idan ruwan ya ja baya. Watannin rufe makarantu, Maris zuwa Mayu, su ne ƙarshen rani, lokacin da tafkin ya fi raguwa.

A Janairun 2022 aka ƙara jami'o'i uku, a Garwa, Bertoua da Ebolowa. Ta Garwa ita ma a kan layin wutar Lagdo take.