Rigar Matuƙi da Hanyar Takoradi

A wata kasuwar tsofaffin kayan soja a nan Ingila na ga rigar fata da tabarau na matuƙan jiragen Yaƙin Duniya na Biyu, ana cinikinsu kamar zinariya. Masu tara su sun san tarihin kowane maɓalli. To, mu fa? Daga Satumba 1940 Birtaniya ta riƙa harhaɗa jiragen yaƙi a Takoradi, Gana ta yau, suna bi ta Kano, Maiduguri da Khartum zuwa Masar. Zuwa 1943 sun haura 5,000. Kakanninmu kuma sun yi yaƙin Bama, amma lambobin yabonsu na ɓacewa daga cikin adaka. 'Yan uwa, duk wanda ya je gida hutu ya nemo su, ya tambayi iyaye labarinsu, ya rubuta.