Jan-baki: Tsuntsun da ke hana manoma barci

A duk lokacin da gero da dawa suka fara ƙosawa a yankin Dutsin-Ma da Kurfi da ke tsakiyar jihar Katsina, ɗaya daga cikin abubuwan da manoma ke fargaba shi ne saukar tsuntsayen jan-baki.

Tsuntsun dai ɗan ƙarami ne, nauyinsa bai wuce giram 20 ba a galibi, amma masana na ganin babu wani tsuntsun daji da ya kai shi yawa a duniya. An ƙiyasta cewa adadinsu ya kai biliyan ɗaya da rabi, kuma a Afirka kudu da hamadar Sahara suke rayuwa.

Yawan ɓarna

Kowane jan-baki kan ci kimanin giram 10 na hatsi a rana. Ke nan garke mai tsuntsaye miliyan biyu zai iya lamushe tan 20 kafin faɗuwar rana.

Asalin abincinsu shi ne 'ya'yan ciyawar daji. Idan wannan ya yi ƙaranci sai su auka wa gero da dawa da shinkafa da alkama. Masara kan tsira a mafi yawan lokuta, saboda ƙwayarta ta fi ƙarfin bakinsu.

Tsuntsayen kan yi ƙaura suna bin damina, su yi sheƙa a itatuwa masu ƙaya, su kuma kwana cikin ciyayin bakin ruwa. Ƙwansu kan ƙyanƙyashe cikin kwana goma, abin da ke sa su yaɗu da sauri.

Da yake ba sa nisa da ruwa, gonakin da ke kewayen madatsu irin su madatsar Zobe, wadda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa kusa da Dutsin-Ma, na buƙatar sa ido, musamman a noman rani, lokacin da daji ya bushe.

Hanyoyin kariya

Hanyar da aka gada ita ce tsaron gona. Akan ɗaura gwangwanaye a jikin igiya a riƙa girgizawa, ana ihu, ana jifa da majajjawa. Sassafe da kuma la'asar su ne lokutan da tsuntsayen suka fi cin abinci, saboda haka a nan tsaron ya fi muhimmanci.

Mutum-mutumi da kyalle mai walƙiya kan yi tasiri na 'yan kwanaki ne kawai, sai fa idan ana sauya musu wuri, domin tsuntsayen kan saba da su.

Masana aikin gona na ba da shawarar maƙwabta su yi shuka lokaci guda, don kada ɓarnar ta taru a kan gona ɗaya. Haka kuma nome ciyawa na rage abin da ke jawo su, yayin da girbi da wuri ke taƙaita kwanakin haɗari. Gero mai gashi ma ya fi yi musu wuyar ci.

Masu ƙananan gonaki kan lulluɓe amfaninsu da raga, ko da yake tsadarta kan gagari da yawa.

Feshi da jirgin sama

Idan abin ya ƙazanta, hukumomi kan yi feshin maganin fenthion da jirgin sama a wuraren da tsuntsayen ke kwana. A 2023 gwamnatin Kenya ta ƙaddamar da shirin kashe kusan miliyan shida, bayan sun far wa gonakin shinkafa a yankin Kisumu.

Sai dai maganin guba ne ga mutane da sauran tsuntsaye, don haka akwai haɗari a cin waɗanda aka tsinta bayan feshi.

A yankin tafkin Chadi kuwa, mafarauta kan kama su da raga su sayar a kasuwa a matsayin nama, hanyar da wasu masana ke ganin ta fi feshi sauƙin illa ga muhalli.